Mazarin Yayana

Yayana mai gyaran agogo ne. Ya tsufa a kan teburi ɗaya, da ɗan gilashi maƙale a idonsa na dama, har yanar ido ta rufe idon, ya bar sana'ar. A bayan gidansa akwai wani kwamin siminti da magina suka bari. Ruwan sama ya cika shi, ciyawa ta tsiro a gefensa, wasu siraran mazari, ƙwarin nan masu shawagi a kan ruwa, suka mai da shi gida, irin waɗanda suke haɗe fukafukansu idan sun sauka. Yaya ya raba su iri uku: masu shuɗiyar wutsiya, masu jan ƙirji, da masu launin toka waɗanda yake kira malalata, domin ba sa fitowa sai rana ta take.

Matarsa kuwa ba ta haɗa hanya da ƙazanta.

"Ka yi wa yayanka magana," takan ce mini. "Mutane suna kiwon kaji, shi yana kiwon abin da ba ƙwai ba nama."

"Maman yara, sun taɓa cin hatsinki?" in ji shi.

Da aka kwantar da shi asibiti domin aikin ido, burinsa ɗaya ne: ya sake ganin masu jan ƙirjin sosai. Matarsa ta ji wannan, sai ta yi masa shirin tarba. Ta kwashe ruwan kwamin, ta kankare laka da gansakuka, ta cire ciyawar, ta cika shi da ruwan famfo. Ba ta san cewa 'ya'yan mazarin a cikin lakar suke girma ba.

Ranar da aka sallame shi, ina riƙe da hannunsa lokacin da ta kai mu wurin, tana murmushi. Ya daɗe yana kallon ruwan, garai-garai, babu ko motsi a cikinsa.

"Ya yi kyau," in ji shi. "Sannu da aiki."

Ta dube shi. Wadda ta haifa masa 'ya'ya har suka yi aure ba za ta kasa gane muryarsa ba.

"Me na ɓata?"

"Ba kome."

Ta juyo gare ni. "Malam, kai faɗa mini."

Na faɗa mata.

Washegari na iske ta tana dawowa daga rafi, ɗauke da bokitin laka da tushen ciyawa, zanenta duk ya ɓaci. Ta juye shi cikin kwamin tana mita, wai da girmanta an sa ta ɗebo taɓo.

Bayan damina masu shuɗiyar wutsiya suka dawo, malalatan ma suka biyo baya. Masu jan ƙirjin har yau shiru. Kullum da hantsi Yaya yakan zauna a bakin kwamin, ita kuma takan leƙo ta tagar ɗakin girki ta tambaye shi ko baƙin nasa sun iso.