Kwamfutar Kwali ta Malam Ishaya

Duk wanda ya yi firamare a layinmu na Sauka Kahuta ya san Malam Ishaya. Shekara goma sha ɗaya yana koyar da kwamfuta a makarantar da ba ta da kwamfuta, ko wayar lantarki ba a ja mata ba. Shi kansa mako biyu kacal ya taɓa yi a gaban na'urar, a wani kwas, su shida a kan guda ɗaya. Idan na tsokane shi da cewa malamin iyo ne da bai san ruwa ba, sai ya yi dariya ya ce da babu gara ba daɗi.

Dabararsa kwali ce. Yakan bi masu shago ya roƙi kwalayen taliya, ya yanka, ya zana madannan kwamfuta da biro da rula, kowane yaro da nasa. Don kada yara su yi gyangyaɗi, sai ya mai da darasin wasa. Zai karanta tambaya ɗaya, su danna amsa a kan kwali, wanda ya gama ya daki wani babban maɓalli da ya zana da jan biro a kusurwa, ya ce ya gama. Wanda ya riga kowa, alewa tasa ce. Har bayan an tashi za ka ga yara a gindin mangwaro suna ta dukan kwali.

Gwanarsa ita ce Kafayatu, 'yar Mariyamu mai gasa masara a bakin titi. Yarinyar akwai kai. Da wata ƙungiya ta ce za ta ɗauki nauyin yara biyar zuwa sakandare, da sharaɗin cin jarrabawa a kwamfuta, sunanta ya fara rubutawa. Uwar kuwa ba ta ɓoye ba: in ba wannan ba, karatu ya tsaya a aji shida. Wata guda suka yi suna bita a kan kwali, kullum ita ke cin alewar.

Ranar jarrabawa shi ya kai ta a babur ɗinsa, ya tsaya waje. Tambaya hamsin ce, awa ɗaya. Ba a yi minti biyar ba sai ga ta ta fito tana murmushi. Ashe da aka nuna musu yadda ake tura 'yar kibiyar da ke yawo a fuskar kwamfuta, ta amsa tambayar farko daidai, sannan idonta ya nemi jan maɓalli a kusurwa, ta kuwa same shi. Wannan shi ne na miƙa jarrabawa gaba ɗaya, kuma ba ya komawa baya.

Malam ya shiga ya roƙi mai kula da ɗakin har yana durƙusawa. Mutumin ya ce na'ura ba ta jin ban haƙuri, sannan ya tambaya wa ya koya wa yarinyar danna wannan. Malam ya tashi ya fita.

A hanya, tana bayansa a babur, ta ce, "Malam, ai ni na riga kowa."

Da bakinsa ya ba ni labarin, kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake yi, na rasa da wa zan yi fushi. Bai daina koyarwa ba, don ba shi da wata sana'a, amma wasan ya mutu, ya daina sayen alewa.

Shekaranjiya da la'asar ni da Malam muka bi ta wajen Mariyamu. Kafayatu ce a gaban wuta tana juya masara. Ta gaishe shi da ladabi, ta ci gaba da fifita gawayi da wani kwali da gefensa ya ƙone. Haruffan sun yi baƙi da hayaƙi, amma jan maɓallin yana nan. Malam ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce mini mu tafi, ba ya jin cin masara.