Ranar da Rufa'i Ya Kira Gremari

Kubura ba ta da yawan magana, ni kuwa Allah Ya hore mini baki, shi ya sa zamanmu ya zo daidai. Rumfa ɗaya muke tsintar tattasai a kasuwar Diffa, muna ware mai kyau da wanda rana ta ƙone, muna atishawa har da hawaye. In ka ga mace da jan ido a layinmu kada ka yi mata jaje, sana'a ce.

'Yar Gremari ce, wani ƙauye a bakin Komadugu, gabas da nan. Ubanta manomin tattasai ne, mijinta ma haka, da ƙarar injin ban-ruwa ta girma. Uwarsu ta rasu da wuri, don haka ita ta goyi ƙaninta Idrisa har ya yi ƙafa, ita ta yi masa faɗa har ya yi gemu. Haihuwa ba ta tsaya mata ba. Mijin kuwa ciwon ciki ne ya ɗauke shi tun kafin fitina, yanzu mutane cewa suke ya yi sa'a. Ranar da mutanen daji, 'yan bindigar nan, suka shigo, a shekarar 2015, tana gona, Idrisa yana bakin ruwa wurin inji. Kowa ya bi inda fuskarsa ke kallo. Ita ta ɓullo bakin kwalta, ta zauna cikin bukkokin leda tare da dubban irinta. Shi kuwa shiru.

Ta nema iyakar ƙarfinta. Ta tambayi masu fararen motocin agaji, ta tambayi direbobin Damagaram, ta tambayi masu kawo itace. Amma neman yana da sarƙa a ƙafa. Wasu samarin Gremari sun bi mutanen daji, wake ɗaya kuwa shi ke ɓata gari. Tun daga nan sunan ya zama kaya. Ka faɗe shi a shingen bincike a zaunar da kai a rana, ka faɗe shi wurin neman ɗaki mai gida ya tuna cewa ɗan wansa na zuwa. Sai 'yan garin suka koma cewa su mutanen Shetimari ne. Ni kaina na daɗe ina ce mata 'yar Shetimari kafin ta gaya mini gaskiya, murya ƙasa-ƙasa. To ta yaya za ka nemi ɗan garinku alhali ba ka iya faɗin sunan garin?

Ana haka aka ce Rufa'i Mai Gita zai zo. Ɗan kwarin nan ne, ya tafi Yamai, daga can ya zaga ƙasashen Nasara da gitarsa. Su suna kiran kiɗansa bulus. Ni dai abin da na sani, in ya ja murya sai ka tuna duk wanda ka binne. Yana da waƙar da yake bin kogi da ita, gari bayan gari, daga yamma har Bosso. Al'adar kuwa tun yana yi a gidajen biki, duk garin da ya ambata, 'yan garin su miƙe tsaye, mata su rangaɗa guɗa.

"Ummusalma," in ji Kubura, hannunta cikin buhu, "in Idrisa na da rai, zai zo. Ba ya jin waƙar kowa sai ta mutumin nan. In an kira garinmu zai tashi, in gan shi."

Ban taɓa jin ta haɗa magana mai tsawon haka ba. Na ce mata ta wanke zanenta mai kyau.

Bayan la'asar aka sa wasan, a filin gidan matasa, don a watse kafin dokar hana yawo. Wasan gita tun rana ba ta faɗi ba, ina aka taɓa yi? Amma mun saba, har biki yanzu da rana muke sallamar amarya. A ƙofa aka laluba mu ɗaya bayan ɗaya, aka sa muka ɗaga hijabi, aka leƙa har cikin ƙullin goro. Sojoji a kan katanga, jandarmomi a bakin ƙofa, ga kuma waɗansu masu farar riga da ba su zo sauraron waƙa ba, idonsu a kan jama'a yake. Muka sami gefen tabarma a ɓangaren mata.

Rufa'i ya fito ya tsufa, ya fi hotonsa gajiya. Bai yi tsalle-tsalle ba, kujera ya ja ya zauna. Da ya taɓa gitar sai filin ya yi tsit. Ya yi waƙar gonar da ciyawa ta cinye, ya yi ta kwalekwalen da ya ruɓe a ɗaure. Wata tsohuwa a gabanmu tana ta fyace hanci da bakin mayafi. Ni ma, mai bakin nan, sai share hawaye nake yi.

Sai ya kama kogi. Da ya ce Shetimari, kusan rabin filin ya miƙe, guɗa ta ko'ina. Na ce a raina, ashe Shetimari ta fi Yamai yawan jama'a. Ya wuce Diffa, muka tashi muka zauna. Ya gangara gabas. Kubura ta riƙe mini zane.

Ya ce Gremari.

Ba wanda ya motsa. Ya sake ja, ya ƙara tsawon sunan, ya ɗaga kai yana duban jama'a. Na ga ɗaya daga masu farar riga ya juyo shi ma yana dubawa. Na zungure ta.

"Tashi mana, Ya Kubura!"

"Bari shi ya fara tashi," ta ce. Idonta na can ɓangaren maza, yana bin kawuna.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Ban ga laifinta ba, har gobe. Rufa'i ya jira iyakar abin da kiɗa zai iya jira, ya girgiza kai, ya wuce gari na gaba. A hanyar gida ba ta yi kuka ba. Ta ce kawai, "To, Allah Ya ji ƙansa." Washegari ta yi sadakar ƙosai, ta dawo bakin buhunta. Na yi baƙin ciki ƙwarai, amma na ce ko ba komai ta huta da jira.

Bayan an yi sallar layya, wata dattijuwa ta tsaya sayen tattasai a rumfarmu. Ta dubi Kubura, ta sake dubanta, sai ta saki kwando.

"Wushe, sannu! Ba ke ce Kubura ta gidan Grema ba?"

"Inna Sadiya!"

Suka rungume juna, suka yi ta yi da Barbarci ana hawaye. Maƙwabciyarsu ce a Gremari. Da suka lafa suka dawo Hausa saboda ni, Innar ta ce ai ita ma tana wurin wasan.

"Ina zaune, 'yata. Ƙafata ta ƙi. Da aka watse na ga namu sun fi goma a bakin ƙofa, kowa na sunkuyar da kai. Har ƙaninki."

Kubura ta ajiye tattasan da ke hannunta.

"Idrisa?"

"Shi. Kiwo yake yi wa mutane a Ngelbeli, ya baro dabbobi ya zo don waƙar nan kaɗai. Na tambaye shi ke, don ni ban san kina garin nan ba. Ya ce, Inna, ki bar maganar. Yayata da ba ta tsoron kowa, wadda ta taɓa korar mai gari daga gonarmu da fartanya? Da tana da rai, ko bindiga aka ɗora mata a ka sai ta miƙe. Ya ce ba abin da ya rage masa a ƙasar nan. Da safe ya shiga motar Libiya."

Na dubi Kubura. Ni ban taɓa sanin wannan matar mai fartanya ba, wadda na sani ko ciniki ba ta iya ja da ƙarfi. Na tambayi Inna ko ya bar lambar waya, ta ce ko wayar ba shi da ita.

"Ya rame?" in ji Kubura.

"Ya rame."

Ta jawo buhun gabanta. Sannan ta ce, "Ni ma cewa na yi, da yana da rai da ya tashi."