Malam Ummaru ya tafi bai ji sunayen nan huɗu ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina shirin fita sai wayata ta yi ƙara. Hajara ce, 'yar Malam Ummaru Masaƙa na Gwandu. Ko gaisawa ba mu yi ba ta ce, "Kawu Bello, Baba ya cika."

Na zauna a bakin ƙofa da takalmi ɗaya a ƙafa.

Ina baƙin ciki, amma wallahi haushi ya fi yawa. Mutane da dama nake jin haushinsu yau, kuma ni ne na farko a layi.

Yaran yanzu sun san shi ne a matsayin tsohon nan mai tari da ke zama a zaure, wanda sai ka ɗaga murya yake ji. Ba su san inda ya samo tarin ba. Shekaru ya yi a wata masaƙa a Kaduna, a sashen da ake wargaza auduga kafin a mai da ita zare. Ƙurar ta ci ƙirjinsa, ƙarar inji ta ci kunnensa, sannan ya dawo gida.

A ƙarshen shekarun tamanin ya tsara wasan talabijin a kan wahalar leburorin masaƙa na zamanin farko, lokacin da samarinmu suka fara barin gona suna tafiya can. Bai iya rubutun boko sosai ba, shi yana faɗa wani yana rubutawa.

Ni a lokacin ina koyarwa a firamare a Kalgo. Ya zo a kan babur ɗinsa, ya kalle ni sama da ƙasa ya ce, "Kai ramammen nan, kai nika nema. Ka yi kama da wanda masaƙa ta tsotse."

Haka na zama ɗan wasa, ba tare da an tambayi ra'ayina ba.

A wani tsohon sito na kaɗa, wato auduga, muka ɗauka, nan Kalgo. Daraktan da gidan talabijin ya turo yana so mu tsaya mu fuskanci kamara mu yi magana dalla-dalla. Malam ya ce sam. "Cikin masaƙa wa ka jin wani? Da hannu aka magana!" Ya koya mana: ka kai yatsa baki, ƙishirwa kake ji. Ka taɓa hula, heluma shugaban leburori na zuwa, kowa ya kama aikinsa. Kwana uku suna wannan rigima, Malam ya yi nasara.

Kafin kowace fitowa sai ya jiƙa ƙyalle ya ɗaura mini a hanci saboda ƙurar siton, ba ya bari in cire sai kamara ta tashi. In mun gama ya miƙo mini ƙwaryar nono, ya tsaya a kaina sai na shanye. Ya ce, "Ta riga ta ci nawa ƙirjin, ba ta cin naka."

A kashi na ƙarshe ya yi abin da babu shi a takarda. Ya tsaya a ƙofar siton, ya kira sunayen abokan aikinsa goma sha ɗaya da ciwon ƙirji ya kashe. Sunayensu na gaskiya, kowa da garinsu. Sau ɗaya aka ɗauka, ya ce ba zai iya maimaitawa ba.

To ku ji abin takaici. Ranar da aka nuna wannan kashin, jama'a sun cika filin kallo a Gwandu, ana farawa janareto ya mutu. Mu a Kalgo mun gani. Mai wasan bai gani ba.

Ya ce ba komai, ai za su maimaita. Ba su maimaita ba.

Da na gaji da jira na je gidan talabijin ɗin da kaina. Wani ma'aikaci, yana tauna goro ko kallona bai yi ba, ya ce, "Ai an ɗora wani abu a kai." Haka suke yi a lokacin, kaset ya yi ƙaranci, in an nuna shiri sai a goge a ɗauki wani. Na ce me aka ɗora? Ya ce bikin buɗe wata kwalbati.

Kwalbati, jama'a! Har yau in na tuna sai in ji raina ya ɓaci.

Shekaru na yi ina cigiya. Duk wanda na ji yana da bidiyo a gidansa a wancan zamani sai na je. Wasu su yi mini dariya, wasu su ce gara ta cinye.

Ganinmu na ƙarshe wata biyu ke nan, a zaurensa. Ya rame ƙwarai, numfashinsa yana fita da ƙyar. Ya kama hannuna ya ce, "Bello, ba hoton nika so ba. Sunayen na ɓace mani. Kullum bayan salla ina yi masu addu'a ɗaya-ɗaya, yanzu bakwai nika iya kawowa." Ya ƙirga mini su da yatsu. Da ya kai na bakwai ya tsaya, yatsan yana miƙe, leɓensa yana motsi, babu abin da ya fito.

Ya ce, "In ni na manta su, wa za ya tuna?"

Na ce in sha Allahu zan nemo. Na sha faɗa masa haka, shi ma ya sha ji.

Sai ga shi mako uku da suka wuce wata dattijuwa a Kalgo, Hajiya Asabe, ta aiko mini da kwalin kaset na marigayi mijinta. A jikin wani an rubuta bikin 'yarsu. Na aro tsohon bidiyo na saka. Biki ne kuwa, an ɗora shi a kan wasanmu, amma bai cinye kaset ɗin duka ba. Ana gama rawa sai hoto ya yi tsalle, ga Malam a ƙofar sito da ƙuruciyarsa, yana kiran sunaye. Duka goma sha ɗaya, ras.

Ku tambaye ni me na yi.

Na ce ba zan kai masa hoto mai rawa da layi-layi ba, sai an gyara an sa a waya, in je in ba shi mamaki. Na kai wa wani mai gyara a Birnin Kebbi. Yau ya ce babu wuta, gobe ya ce wayar haɗawa ta lalace, jibi ya tafi ɗaurin aure. Ni kuma ina ta masa faɗa, ina ganin laifinsa.

Mutumin nan da bakinsa ya ce mini ba hoton yake so ba. Biro da takarda kawai nake buƙata, da mota ɗaya zuwa Gwandu. Tun ranar na haddace sunayen. Mako uku suna bakina, shi yana can yana tsayawa a na bakwai.

Ba ni da wanda zan ɗora wa wannan. Ni ne.

Yanzu zan kama hanya ko zan samu jana'iza. Kafin in tashi, ga mutum huɗun da suka ɓace masa:

Garba Dogo na Masama.

Isiyaku Gajere na Dodoru.

Mamman Sani na Kalgo.

Abdu Mai Fito na Gwandu.

Ya Allah Ka gafarta wa Malam Ummaru, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sa wahalar numfashin da ya sha ta zama kankarar zunubi. Ka ba Hajara da 'yan'uwanta haƙuri. Ni kuma Ka yafe mini jinkirina.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi masa addu'a. In kun gama kada ku tashi, ku kira waɗannan huɗun da sunansu, ɗaya bayan ɗaya, ku roƙa musu rahama. Mai yi musu ya tafi.