Muryar Habibu a Kantin Al-Sadd

Talata, Funtuwa

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na bar gida, ni da ko Zariya sai dole ke kai ni. Ƙanena Habibu direba ne a Doha, korona ta ɗauke shi, can aka binne shi. Shekara biyu tambayar Inna ɗaya ce, ita ta sake yi mini a zaure: "Sule, ka tambayo mini, shi kaɗai ya cika?" Shinge uku muka wuce kafin Kano, jirgi ya tashi bayan magariba.

Laraba, Doha

Bakwai na safe muka sauka, gari cike da 'yan kallon ƙwallon duniya. Alhasan abokin marigayi, ɗan Zangon Kumasi, ya tarbe ni. Ɗakinsu a Madinat Khalifa mutum shida ne, aka ba ni katifar ƙasa da shinkafa da kaza. Da la'asar muka je maƙabarta. A hanya na yi masa tambayar Inna.

"Yaya Sule, ba a bar kowa ya shiga asibitin ba. Wallahi ban sani ba."

Alhamis, Al-Sadd

Alhasan gadi yake yi a wani kantin kayan sauti a nan unguwar Al-Sadd. Shekara talatin ina gyaran rediyo, ban taɓa ganin irinsu ba. Lasifika biyu sun fi gidanmu kuɗi, waya kamu ɗaya ta fi babur.

"Wa ke sayen wannan?"

"Masu kuɗin da korona ta kulle a gida. Suka gina ɗakin sauraro, farashi ya hau bai sauko ba. Ni dai ƙofa nake buɗe musu."

Na roƙi manajan, Balarabe ne, ya sa mini saƙon muryar Habibu na ƙarshe a lasifikokin. Ya duba agogo: "Yalla, yi sauri, minti biyu."

Sau ɗari na ji shi a wayata: "Ku gai da Inna, da sauƙi." A nan kuwa sai ga Habibu a gabana. Na ji ƙirjinsa na fito, na ji na'ura na ƙyas-ƙyas. Can ƙasa-ƙasa, dab da gadon, wata mace na rera wani abu da yaren da ban sani ba, tana jan bargo.

Ban ƙara cin abinci ba ranar.

Lahadi, gida

Da azahar na iso. Inna ba ta bari na ajiye jaka ba.

"Akwai wata a kansa, Inna. Tana lulluɓe shi."

"Ka gan ta?"

"Na ji ta."

Alhamdu lillahi, Allah ya dawo da ni. Alhasan, na gode. Ita kuma da ban san sunanta ba, Inna na sa ta a addu'a kowace asuba.