Jan Babur Ɗina

Shekarar da aka tura ni koyarwa Birchi, na sayi wani jan babur na hannu a Dutsin-Ma. Ban san komai a kan inji ba. Mai shi ne ya ce akwai wani mutumin Kurfi da zai zo ya ɗauka da la'asar. Ina jin haka sai na ji kamar za a ƙwace mini abina, na biya, ko ragi ban nema ba. Mutumin Kurfin nan har yau ban gan shi ba.

Da na kai shi gida, yayana ya zagaya shi sau ɗaya, ya ce, "Wannan ba zai kai ka damina ba."

Bai kuwa kai ni ba. Kusan kullum sai ya mutu a hanya, in sauka in tura, manoma su ɗago daga gonakinsu suna yi mini sannu. Rabin albashina wurin wani bakanike Bayarabe yake ƙarewa. Wata rana bakaniken ya goge hannunsa da tsumma, ya ce, "Malam, ina jin daɗin kuɗinka, amma ka sayar da abin nan."

Na ce, "Bayan duk abin da na kashe masa?"

Ya ce, "Wancan ya riga ya tafi. Na gobe nake jiye maka."

Ni da nake koyar da lissafi, na fahimce shi sarai. Amma in na sayar, na yarda ke nan Yaya ya fi ni gani. Sai na sa aka yi wa babur sabuwar kujera. Shekara biyu muna haka. In na turo shi na kusa gidan Yaya, nakan tsaya in share gumi, in hau, in gangara zuwa ƙofa kamar yanzu na kashe shi.

Ran wata Sallah na je gaisuwa, Yaya ya daɗe yana kallon babur ɗin. Can ya ce, "Ƙanena, ashe na yi kuskure. Abin nan yana da ƙarko. Kada ka rabu da shi."

Abin da nake jira in ji ke nan. Cikin makon na sayar da shi da araha, ban ko waiwaye shi ba.

Yaya ya yi wata guda yana fushi da ni, wai ba na jin shawara. Ni kuwa na koma shiga motar haya, na fara isa makaranta kafin a kaɗa ƙararrawa.