Fasuwod ɗin da Baba Ya Ce Ya Manta

Shekarun da sojoji suka koma bariki, Baba ya sayo kwamfuta 'yar gwanjo ya kafa ta a falonmu a Barnawa, ya lulluɓe ta da tawul kamar jaririya. Wasiƙun 'yan fansho yake bugawa da ita, da yatsa ɗaya. Ni kuwa furojet ɗina na shekarar ƙarshe a kwaleji yana cikinta, kuma babu kwafinsa a ko'ina.

Ana saura kwana uku in miƙa, sai ta fara iskanci, ka kunna ta mutu. Muka ɗauke ta sai Kakuri, wurin wani Ibo mai gyara da Hausa ta zauna a bakinsa. Ya kwashe aikina gefe, ya wanke mata kai tas, ya zuba sabuwar manhaja, ya mayar da aikin. Sannan ya tura wa Baba allon rubutu ya ce, "Alhaji, sa fasuwod." Baba ya kare allon da hularsa ya danna.

Washegari da sassafe ya wuce Abuja tantance 'yan fansho. Na kunna, ta ce kalmar sirri. Na sa lambar motarsa, ta ƙi. Na sa sunan garinsu, na sa sunan Mama, har sunan unguwa na gwada, ko gezau.

Na ruga wurin mai waya a gindin lema na kira wayar wanda suka tafi tare, ya miƙa wa Baba.

"Baba, mene ne fasuwod ɗin?"

Can ya ce, "Na manta."

Wallahi raina ya ɓaci. Mutumin da yake riƙe da lambar fayil ɗinsa ta shekara talatin a ka, wai ya manta abin jiya. Na koma gida ina ta surfa masifa, Mama na tankaɗe ko kallona ba ta yi ba.

Na sake kinkimar kwamfutar zuwa Kakuri. Mai gyara ya ce zai iya goge fasuwod ɗin, amma bari ya fara duba ko Alhaji ya bar wa kansa tuni. Ya danna wata 'yar alamar tambaya a gefe. Kalma biyu suka fito: na fari.

"Na fari me?" in ji shi. "Mota? Mata?"

Ni ne ɗan fari. A gidanmu kuwa uba ba ya kiran sunan ɗan farinsa, kunya ce. Tun da nake ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba, sai "kai" ko "wancan". Ashe gara ya ce ya manta da ya faɗe shi a waya.

Na ja allon na buga sunana. Ta buɗe, ga furojet ɗina lafiya lau. Na daɗe zaune, kunyar masifar da na yi ta hana ni ɗaga kai.

Mai gyara ya ce, "To, mu canza maka wani?"

Na ce a'a, ya bar shi haka.