Murfin Kwalbar Seleniyom

A asibiti, a ɗakin jiran masu cutar kansa da ake yi wa gashi da na'ura, kowa da ɗan rakiyarsa, ban da ta bencin ƙarshe. Dattijuwa ce siririya, fatar muƙamuƙinta ta yi duhu kamar an goga mata gawayi. Yadda take zaune a miƙe, ga biro maƙale a bakin jaka, sai ka ce tsohuwar malamar makaranta ce.

Kwalbar ƙwayar maganin seleniyom take juyawa a hannu. Likita bai yi mata alkawari ba, cewa ya yi wataƙila ƙwayar ta taimaka wa ƙashin muƙamuƙin ya jure gashin. Wannan "wataƙila" ta riƙe gam, don in muƙamuƙin ya lalace, ba tauna, ba magana. Sai dai murfin irin wanda ake dannawa a murɗa ne, yatsunta kuwa sun daina wannan aikin.

"Sista," ta ce da nas ɗin da ke wucewa, "zo ki yi min kokawa da ɗan banzan nan."

"Mama, yau ma? To a gida wa ke buɗe miki?"

"Shi ya sa nake sammako, 'yar nan."

Nas ta yi dariya, ta buɗe. Dattijuwar ta haɗiye guda da ruwa, sannan ta tare hannun nas.

"Kada ki rufe tukuna."

Ta zazzago biyu a gefen mayafinta, tana ƙullewa a hankali.

"Na Asabar da Lahadi ne. Sai Litinin zan sake ganin mai buɗewa."